Baƙin man da ya yi damina biyar a shagon Baffa

Ranar da aka fasa kwaɗon shagon Baffa a Kura, cikin watan Oktoba na 2024, abin da ya fara tarar mu warin ɓera ne da ƙura mai kaurin yatsa a kan kanta. Da ido ya saba da duhun sai kayan suka bayyana: kwalaye na baƙin mai a jere a ɗakin ciki, wasu a can saman kanta daf da kwano, 'yan galan-galan da aka taɓa buɗewa a ƙarƙashin teburi, sannan a bayan shago duro guda a tsaye inda ya bar shi. Ni aka miƙa wa littafi da biro, saboda ni ɗan ɗan'uwa ne, ba ni da kaso a gadon, babu wanda zai zarge ni da son kai a lissafi.

Baffa mai injin casar shinkafa ne, a gefe kuma yana sayar da baƙin mai ga masu injin ban ruwa na wajen Kadawa da direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya. Al'adarsa ce ya saro kaya da yawa idan rani ya kama, lokacin da injinan ban ruwa ba sa hutawa. Rasit na ƙarshe da muka tarar a aljihun teburinsa na watan Maris ne, 2020. Cikin Afrilu aka kulle Kano saboda korona, cikin azumin shekarar Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa da rahama. Injin casa ya ci gaba da aiki a hannun autansa, amma shagon aka garƙame sai an raba gado, rabon kuwa ya maƙale a kan wata gona da kuma ɗansa guda da ke ƙasar waje. Yau ne, gobe ne, har damina biyar ta sauka a kan wurin.

Da farashi yana nan inda Baffa ya bar shi, da ba wanda zai ɗaga murya a kan wannan man. To amma tsakanin 2020 da 2024 abubuwa sun juya. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, cikin Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake lissafinta wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Baƙin mai kuwa da dala yake tafiya. Tushen man da ake haɗa shi da shi daga waje ake shigo da shi, tun da sashen da ke yinsa a matatar Kaduna ya daɗe a tsaye, sinadaran da ake zuba masa su ma na waje ne. Galan ɗin da Baffa ya saya ya ninka kuɗinsa wajen sau uku. Kayan da aka manta da su sai ga shi sun zama dukiya.

Abin da na rubuta a littafi shi ne galan 84 masu lita 4 a ɗakin ciki, masu lambar kauri 20W-50, na motar fetur, ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. A saman kanta robobi 60 masu lita 1, masu lambar kauri SAE 40, irin wanda masu injin ban ruwa ke saye ɗaiɗai. Duron mai lita 208 ne, SAE 40 na injin gas, wato dizal, Baffa ya riga ya auna wa mutane kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai galan bakwai da aka taɓa buɗewa da jarka biyu marasa takarda a jiki.

Yaya Babba, babban ɗan Baffa, ya kafe a kan a yi wa komai kuɗin sabo. "Mai ba tumatir ba ne," in ji shi. "Abin da ya yi shekaru aru-aru a cikin ƙasa kafin a haƙo shi, shekara huɗu a cikin roba ce za ta kashe shi?" Mijin babbar 'yar Baffa kuwa ma'aikacin asibiti ne, ya saba da kwanan watan da ke jikin magani. Shi a wurinsa duk abin da ya haura shekara biyu ya tashi aiki, a kwashe a zubar kada a ɗauki alhakin injin mutane. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, kuma kowanne yana so a yi wa kayan duka hukunci ɗaya.

Ana cikin wannan ja-in-ja Auta ya yanke shawara shi kaɗai. Kaka ce, shinkafa ta taru a bakin inji, lokacin juyen man injin ya wuce, ga duro nan na mahaifinsa cike da mai irin wanda injin ke sha. Bayan magariba ya ɗauko famfon hannun Baffa, wanda bututunsa ke sauka har gindin duro, ya cika bokiti ya yi wa injin juye. Ya faɗa mini daga baya cewa ya lura man ya yi haske-haske a hasken wayarsa, ya ɗauka daɗewa ce ta sa. Kwana biyu injin ya yi aiki. A rana ta uku da hantsi muryarsa ta canza, ya fara wani ƙwanƙwasa daga ƙasa. Allah ya taimaka Auta yana kusa, ya kashe shi nan take, da ya buga gaba ɗaya.

Makaniken da ke duba injin tun Baffa yana raye ya zo ya zaro sandar auna mai, sai ga ta kamar an tsoma ta a kunun gyaɗa. Duk makanike idan ya ga haka gaskit yake fara zargi, wato ruwan sanyaya inji ya sami hanya ya shiga cikin mai. Ya kwance kan injin ya duba, gaskit lafiya lau, ruwan ma bai ragu fiye da yadda ya saba ba. Ya sauke kaskon mai, ya tarar da rariyar da ke bakin famfon mai ta toshe da wata farar laka, metal ɗin da ƙaranshaf ke juyawa a kansa ya karce ya yi zane-zane. Ya goge hannunsa ya dubi Auta.

"Ɗan Alhaji, wannan ruwan ba daga injin ya fito ba. Da shi ka zuba. Ina ka samo man nan?"

Sai da aka kai ƙaranshaf Kano aka gyara, aka sayi sabon metal, injin ya yi kwana takwas a tsaye a tsakiyar kaka, masu shinkafa suka kwashe buhunansu suka koma wurin maƙwabta. Surukin gidan ya ce ai dama ya faɗa. Da a nan aka tsaya, da an zubar da komai, kuma da an tafka asara ta biyu.

Ina da aboki tun makaranta da ke aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin haɗa baƙin mai a Kano. Injiniya muke ce masa. Na roƙe shi ya zo ranar Lahadi. Kayan aikin da ya taho da su ba su wuce kwalabe masu garai-garai da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki da tocila ba. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da mu a kan benci ya yi mana bayanin abin da ke cikin galan, don a cewarsa rigimar tamu daga rashin sanin wannan ta taso.

Baƙin mai abu biyu ne a haɗe. Kaso mafi yawa, kamar huɗu cikin biyar ko fiye, shi ne tushen man da aka tace daga ɗanyen mai. A kan wannan ɓangaren Yaya Babba ya yi gaskiya: idan aka rufe shi ruf, ba iska ba ruwa, zai daɗe ƙwarai bai canza ba. Ragowar sinadarai ne, kuma su ne ke mayar da shi man inji. Akwai mai wanke dauɗa da kashe tsamin da ƙonewar mai ke haifarwa, yawanci da kalsiyam ake yinsa. Akwai mai riƙe baƙin hayaƙi ya hana shi dunƙulewa. Akwai mai zinki da fosforas da ke shimfiɗa kariya a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Akwai mai hana kumfa, da mai hana man tsinkewa idan ya yi zafi. Waɗannan su ne ke tsufa, su ne ruwa ke ɓatawa, su ne ke iya rabuwa su kwanta a gindin roba. A nan kuma surukin ne ya yi gaskiya, sai dai ya ɗora laifin a kan kalanda.

Na tambaye shi ko akwai adadin shekarun da aka yanke. Ya ce kamfanin da ke yin man Mobil ya ba da shekara biyar a matsayin iyaka ga man inji da ba a buɗe ba, wasu kamfanonin ba sa ma sa ranar ƙarewa, ranar haɗawa kawai suke bugawa. Amma duk wanda ya ba da adadi, da sharaɗi ya bayar: murfi a rufe da hatiminsa, a cikin ɗaki mai inuwa, ba ruwa, ba zafi mai tsanani. Wanda aka buɗe kuwa shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ƙarar da shi cikin shekara guda. Daga nan ya tashi ya ce a nuna masa duron.

A nan muka fi daɗewa, kuma a nan na koyi abin da ban taɓa ji ba: duro yana numfashi. Baffa ya ajiye shi a ƙarƙashin rumfar kwano, amma iskar farkon damina ta yaye rumfar tun shekara ta biyu, ba wanda ya mayar. Duron yana tsaye, samansa mai baki ne a zagaye kamar faranti, ruwan sama yana taruwa a kai ya rufe murafun biyu. Har ranar akwai zoben tsatsa da busasshen gansakuka da ke nuna inda ruwan ke tsayawa. Injiniya ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ya ce mu taɓa. Da rana ƙarfen yana ɗaukar zafi, iskar da ke ciki ta kumbura ta matsa ta fita ta zaren murfin, ko da an ɗaure shi tamau. Idan dare ya yi, ko ruwa ya sauka a kan ƙarfe mai zafi, iskar ta tsuke, duron ya zuƙo abin da ke bakinsa. In iska ce ya zuƙo iska mai laima, ta yi raɓa a bangon ciki ta gangara. In ruwa ne kwance a kan murfin, ruwan zai sha kai tsaye. Tun da kashi ɗaya cikin uku na duron iska ce, numfashin nasa babba ne. Kullum ɗan kaɗan, amma damina biyar aka yi, ga watan Agusta da sai a jera kwanaki saman duron bai bushe ba.

Ya zura tiyon a hankali har ƙasa, ya toshe bakin da babban yatsa, ya zaro. Abin da ya fito a jere yake kamar an zana. Can ƙasa ruwa ne zalla mai launin tsatsa, tsawon gaɓar yatsa biyu. Samansa wani farin abu mai kauri kamar kindirmo. Daga nan mai mai duhun hazo, har zuwa sama inda ya yi kama da mai na ƙwarai. Bututun famfon da Auta ya yi amfani da shi a cikin kindirmon nan yake zaune. Yaron ya juya baya ya bar wurin, na ji tausayinsa, don ba ganganci ya yi ba, abin da ya ga mahaifinsa yana yi shekara da shekaru ya yi.

Yaya Babba bai sallama ba. Ya ce to a kwashe na saman a bar na ƙasan, ai ruwa ya fi mai nauyi, ya riga ya kwanta. Injiniya ya ɗebo na saman a kwalba, ya fasa sabuwar robar da ya saya a hanya ya zuba a wata kwalbar, ya haska tocila ta bayansu. Sabon tas yake kamar zuma, ana karanta rubutu ta cikinsa. Na duron hasken ya watse a ciki, kamar rana a ranar hazo. Sai ya sa aka kawo kurfoti da guntun ƙarfe mai faɗi, aka ɗora har ya kai zafin da in an ɗiga masa ruwa zai yi tsalle ya ɓace, amma bai yi ja ba. Ya ɗiga sabon mai, ya bazu shiru. Ya ɗiga na saman duro, sai ga ƙananan kumfa da ƙara tas-tas kamar an jefa ɗanyar albasa a man gyaɗa. Wannan gwajin kowa zai iya yinsa a gida, a dai tsaya nesa da fuska don yana fantsama.

Dalilin da ya bayar ya zauna mini. Man inji an haɗa shi ne musamman don ya riƙe ƙazanta a jikinsa, kada ta kwanta a cikin inji. Wannan halin da ke sa ya riƙe baƙin hayaƙi shi ke sa ya riƙe ruwa ma, ya ƙi sakinsa duka komai daɗewa. Sannan ruwan bai zauna haka kawai ba. Ya ci sinadarin zinkin, ya kuma fizgo na kalsiyam ɗin ya sauko da shi, farar lakar da ta toshe rariyar injin casa ke nan. Gas ɗin da muka daɗe muna sha a ƙasar nan mai yawan farar wuta ne, ƙonewarsa tana haifar da tsami, kalsiyam ɗin nan kuwa shi ke kashe tsamin. Man da ya rasa shi, ko da ya yi kyau a ido, ba zai kare injin gas ba.

"To a tafasa shi mana, ruwan ya ƙone," in ji Yaya Babba.

"Yaya, ruwan zai fita, abin da ya lalata ba zai dawo ba. Kuma mai da ruwa a ciki idan ya ji wuta kumfa yake yi ya malalo. Kada a gwada."

Ɗakin ciki labarinsa dabam. Tsohon ginin ƙasa ne mai rufin azara wanda Baffa ya ƙi rushewa lokacin da ya yi gaban shagon da bulo, kuma ko cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, idan ka shiga za ka ji sanyi-sanyi. Ya shimfiɗa katako ya ɗora kwalayen a kai, ba su taɓa ƙasa ba. Ɓeraye sun ci kwali amma ba su huda roba ba. Injiniya ya nuna mini lambobin da aka buga a kafaɗar galan: an haɗa man a watan Nuwamba 2019. Abin lura ne wannan, don ni daga ranar rasit nake lissafi, alhali shekarun mai daga ranar haɗawa suke farawa, kuma wani man yakan yi shekara a hannun dillalai kafin ya iso kanta. Ke nan saura wata guda ya cika shekara biyar. Muka fasa uku daga kwalaye dabam-dabam. Hatimin da ke ƙarƙashin murfi a manne yake, man garai-garai, ƙarfe mai zafi bai yi ƙara ba. Muka juye guda kaf a bokiti mai tsabta muka leƙa gindin da tocila, ba laka, ba tsaki-tsaki.

Ya tafi da samfuri, bayan kwana huɗu ya kira ni. Kaurin man a digiri 100 yana cikin iyakar da aka gindaya wa lamba 50, wato tsakanin 16.3 da 21.9 a ma'aunin da suke amfani da shi, sinadaransa suna nan yadda ya kamata, ba ruwa. Ya ce shekara biyar ɗin nan iyakar lamunin kamfani ce, man ba ya mutuwa da daren da ta cika. Shawararsa ita ce a girgiza kowane galan sosai kafin a zuba, saboda sinadarin hana kumfa yakan sauko idan an daɗe ba a motsa ba, a ƙarar da shi cikin shekarar, a ɗan matso da lokacin juye, kada kuma wanda ya saya ya sake ajiye shi.

Robobin saman kanta ni ne na fi jin tsoronsu, don tsakaninsu da kwano bai kai kamu ɗaya ba, kuma wurin da rana tsaka a bazara yakan haura digiri 50. Masu ilimin abin suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin da iska ke cin mai. Amma Injiniya ya tunatar da ni cewa a cikin inji man yana aiki a wajen digiri 100, kuma iskar da ke cikin rufaffiyar roba 'yar kaɗan ce. Ɓarnar zafi a nan ta hanyar murfi ta biyo. Kumburi da tsukewar kullum sun ɗaga hatimin wasu, mai ya tsatso a wuya, ƙura ta manne a kai ta yi baƙin zobe. Da wannan zoben muka tantance: 17 muka ware, kuma da muka juye biyu daga cikinsu mun ga laka siririya a gindi. Sauran 43 sun ɗan yi duhu, amma sun tsallake kwalba da ƙarfe mai zafi.

Galan bakwai ɗin da aka taɓa buɗewa ba su ci mana lokaci ba. Hunturu huɗu ya wuce ta kansu da murfi sako-sako, ka murza na gindin tsakanin yatsu ka ji yashi-yashi. Jarkokin biyu kuwa shekarunsu ma ba su shigo maganar ba, tun da ba wanda ya san abin da ke ciki. Ɗaya da aka buɗe warin man giyar mota ne ya bugi hancinmu, wanda in ya shiga inji ɓarna ce. Ɗayar makanike ya ce tsohon juye ne da ya kwanta har samansa ya yi kamar sabo. Haka ma tsohuwar a-kori-kurar Baffa da ke fake tun 2020, ya hana a tayar da ita sai an zubar da man da ke cikinta, don man da ya riga ya yi aiki yana ɗauke da tsami da ɗigon fetur da laima, zamansa a cikin inji ba ɗaya ba ne da zaman sabo a cikin roba.

Akwai wani tsufan kuma da ba a gani a kwalba. Da aka tabbatar galan ɗin ɗakin ciki lafiyayyu ne, Yaya Babba ya ce zai ɗauki kwali biyu don Corolla ɗinsa ƙirar 2016 da aka shigo da ita daga Amurka. Makanike ya buɗe bonet ya nuna masa abin da ke rubuce a kan murfin mai: 0W-20. Injin irin wannan hanyoyin mansa sirara ne, kuma da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗe bawul, 20W-50 ya yi masa kauri ko da yau aka haɗa shi. Ga kuma haruffan da ke bayan galan. Na Baffa API SL ne, matakin ingancin man inji da ya fito a 2001. Bayansa an yi SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Har gobe ana sayar da SL a kasuwa don ya dace da tsofaffin motocin da suka cika hanyoyinmu, amma mai ajiye mai shekara da shekaru ya sani cewa zai iya canza mota man ya zama ba nata ba. Galan ɗin Baffa sun tafi inda suka dace: tsofaffin Hiace da Golf na tasha, da janaretocin fetur.

Kafin a kai ga rabo wani dillali ya ji labari ya zo. Duron yake so yadda yake, da kuɗi mai tsoka, kuma ya tambaya ko muna da galan-galan marasa komai masu takarda a jiki. Ba sai an faɗa wa kowa abin da zai yi da su ba. Na ga wasu daga cikin magada sun yi shiru suna lissafi, kuma ban zarge su ba, asarar injin casa tana kan kowa. Hajiya, uwargidan Baffa, ita ta kashe maganar daga bayan labule. Ta ce mijinta ya yi shekara talatin yana auna wa mutane mai ba wanda ya taɓa dawo masa da shi, ba za a fara bayan ransa ba. Malamin da ke rabon ya ƙara da hadisin da Muslim ya ruwaito, na tarin abincin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu a ciki ya ji laima, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Zauren ya yi tsit, don kowa ya ga tiyon nan da idonsa.

Aka yi wa kayan kuɗi hawa uku. Galan ɗin ɗakin ciki da robobi 43 aka sa musu ƙasa da kuɗin sabo, da sharaɗin a nuna wa mai saye ranar haɗawa, ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na zagaye lambar da jan biro. Wasu direbobi sun ga 2019 sun ajiye sun tafi, wasu sun ji bayani sun ɗauki bibbiyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Robobi 17 da buɗaɗɗun galan aka raba wa masu buƙatar man shafa wa sarƙa da ƙyaure da amalanke. Duron da jarkoki wani mai buga bulo ya saya da kuɗin tsohon juye don shafa wa ma'aunin bulo, kuma Auta da kansa ya raka kayan har wurin don ya tabbatar can suka sauka. Ruwan gindin duron ba a zuba a kwata ba, rijiyar unguwa tana kusa. Duk galan ɗin da ya ƙare a hannunmu sai an huda gindinsa kafin a ba 'yan jari-bola. Kuɗin gyaran injin casa magada suka yarda a cire daga dukiyar kafin rabo.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kaya ɗaya ne, rana ɗaya aka saro su, tsakanin ɗakin ƙasa da bayan shago bai fi taku goma ba. Da an sami wanda ya mirgina duron nan ciki ranar da rumfa ta yaye, da lita fiye da ɗari ta tsira, da injin casa bai tsaya ba. Dukanmu muna wucewa ta gefensa, har da ni. Shagon yanzu a hannun Auta yake. Ya daina saro abin da ya fi ƙarfin rani ɗaya, sabon duronsa a kwance yake a kan katako a ɗakin ciki, murafun biyu a gefe da gefe yadda mai zai rufe su ta ciki, kamar yadda Injiniya ya nuna masa. Wanda ya fara shigowa shi ke fara fita, kuma duk galan ɗin da ya buɗe sai ya rubuta ranar a jiki.

Yaya Babba dai har aka gama rabon bai yarda cewa na saman duron ya lalace ba. Ya riƙe kwalbar da Injiniya ya ɗebo, ya toshe bakinta ya ajiye a kan tagar zaurensa, ya ce a ba ta lokaci za ta washe. Da na je gaishe shi da babbar Sallah, wata bakwai da wani abu bayan nan, ya ɗauko ta da kansa ya ɗaga ta saitin ƙofa. Wani farin zare ya kwanta a gindi, saman kuwa yana nan da hazonsa. Ya jujjuya ta, ya mayar kan tagar, ya kira yaro ya kawo mana ruwa.